Yadda Ake Zaɓen Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu Don Hunturun Karkarar Manitoba

Wannan bayani domin 'yan'uwanmu ne da suka sauka a ƙananan garuruwan lardin Manitoba na ƙasar Kanada, irin su Morden da Winkler da Steinbach da Dauphin da ƙauyukan da ke kewaye da Brandon. A waɗannan wurare mota ba kayan ado ba ce. Da ita ake zuwa aiki, da ita ake kai yara asibiti, kuma daga Nuwamba zuwa Maris ranka yana iya rataya a kanta, domin sanyi yakan sauka digiri 30 ƙasa da sifili, wani lokaci ma ya wuce. Na daɗe ina raka sababbin zuwa duba mota, kuma kusan kowa da buri ɗaya yake zuwa: babbar jif mai kwarjini. Abin da nake fara gaya musu shi ne jan ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi daga tsaye, amma ba ya taimaka mata ta tsaya. Tsayawa aikin taya ne. Saboda haka motar da muke nema ita ce mai lafiyayyen ƙarfe a ƙasa, mai tashi da asuba, mai ɗumi a ciki, wadda bayan ka biya kuɗinta za ka samu ragowar da za ka saya mata tayoyin hunturu.

Kayan da za ka riƙe

Tocila mai haske sosai, ba ta waya ba. Sukurdireba mai faɗin baki. Ƙaramin maganaɗisu, ko da irin wanda ake mannawa a jikin firji ne. Babban kwali da za ka shimfiɗa ka kwanta a kai. Farin tsumma ko tishu. Kwabon Kanada na santi 25, wanda ke da hoton barewar arewa. Na'urar karanta laifin inji mai suna OBD2, wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Masu araha suna haɗuwa da waya, kuma in ba ka da ita za ka samu aro wurin wani a gari. Sai takarda da biro, da aboki ɗaya wanda ba shi ne zai sayi motar ba. Wannan abokin yana da amfani ƙwarai, domin wanda mota ta shiga ransa ba ya ganin laifinta.

Ka sa tufafin da ba ka jin tausayinsu. Za ka kwanta a ƙasa.

Mataki na 1: Raba kuɗinka kafin ka buɗe kowace talla

A nan mafi yawan mutane suke faɗuwa. Mutum yana da dala 12,000 sai ya nemi motar dala 12,000. Ba haka ake yi ba. Ka fara cire harajin lardi, wanda yake kashi 7 cikin ɗari, ana biyansa ne lokacin rajista idan daga hannun mutum ka saya. Kuma ba sa dogara da abin da kuka rubuta kawai, suna duba ƙimar motar a littafinsu su ɗauki wanda ya fi yawa, don haka rage farashi a takarda ba ya amfanar kowa, ga shi kuma ƙarya ce. Idan a wurin dila ka saya, akwai ƙarin kashi 5 na gwamnatin tarayya. Ka cire kuɗin tayoyin hunturu huɗu da rim ɗinsu, wanda yakan haura dala 1,000 idan sababbi ne. Ka cire kuɗin inshorar watannin farko, da kuɗin bakaniken da zai duba maka motar, da wani abu da za ka ajiye don gyaran da babu makawa sai ya taso a wata ukun farko. Abin da ya rage, kamar dala 8,500 ko 9,000, shi ne kuɗin motarka.

Ina roƙonka ka yi hattara da bashin dila. Suna son sabon zuwa wanda ba shi da tarihin bashi, su nuna masa ɗan abin da zai riƙa biya duk mako biyu, su yi shiru a kan cewa biyan zai kai wata 72 ko 84 da ruwa mai nauyi. Ko ba don batun haramcin ruwa ba, wanda da yawanmu muke kiyayewa, lissafin kansa bai yi ba: tsohuwar mota za ta gaji kafin bashin ya ƙare.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Daga Agusta zuwa farkon Oktoba ya fi. Da zarar dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, kowa ya tuna yana son mai jan ƙafa huɗu, masu sayarwa su daina ragi, shagunan taya kuma su cika.

Mataki na 2: San irin hanyarka, sannan ka zaɓi irin jan

Iri biyu ne za ka tarar. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa AWD. Motar ce da kanta take tura ƙarfi zuwa ƙafafun baya idan ta ji na gaba suna santsi, kai ba ruwanka. Shi ne a jikin RAV4 da CR-V da Forester da CX-5. Na biyu shi ne na manyan fikof da wasu jif-jif, mai maɓalli ko ƙaramar giya da aka rubuta wa 2H (jan ƙafa biyu) da 4H (jan ƙafa huɗu) da 4L (jan ƙafa huɗu mai ƙarfi, na tafiya a hankali). Wannan kai ne za ka sa shi ka cire shi. Yana da ƙarfin fita daga tulin dusar ƙanƙara, amma idan ka bar shi a 4H a kan busasshiyar kwalta, ƙafafun gaba da na baya za su riƙa jayayya a kwana har wani abu ya lalace a ciki.

Idan hanyarka kwalta ce da ake sharewa da wuri, kamar babbar hanya mai lamba 1 ko 3 ko 10 ko 75, sai ɗan guntun burji zuwa gida, AWD ya ishe ka, ya kuma fi sauƙin mai. Idan kana zaune a gona ne, ko aikinka yana fitar da kai ƙarfe biyar na asuba kafin motar share hanya ta wuce, to tsayin cikin motar daga ƙasa ya fi komai. Iskar filin nan tana tara dusar ƙanƙara a tsakiyar hanya, mota ta hau kai cikinta ya zauna, ƙafafu huɗun su yi ta juyawa a banza. Ka nemi wadda cikinta ya kai santimita 20 daga ƙasa ko kusa da haka. Forester da Outback suna da kusan 22.

Idan kuɗi bai kai ba fa? Kada ka sayi ruɓaɓɓiyar jif don dai a ce ƙafa huɗu ce. Corolla ko Civic ko Camry mai lafiya, da tayoyin hunturu masu kyau, tana kai dubban mutane aiki a wannan lardin kowace shekara. Ta fi jif mai tayoyin bazara tsayawa a kan ƙanƙara nesa ba kusa ba. Abin da ba za ta iya ba shi ne ratsa tuli mai zurfi, ranar da aka yi irin wannan saukar kuwa zama a gida ya fi wa kowa.

Mataki na 3: Taƙaita jerinka zuwa mota biyu ko uku

Kowace mota tana da ciwon da aka san ta da shi, kuma sanin ciwon shi ne rabin ciniki.

Toyota RAV4 ita nake fara nuna wa mai iyali. Ta 2006 zuwa 2008 mai injin lita 2.4 an san ta da shan baƙin mai. Daga 2009 aka sa injin 2.5 wanda ya fi kwanciyar hankali. Ta 2013 zuwa 2018 tana da kyau, sai dai tsada, don kowa ya san darajarta. Honda CR-V ta 2012 zuwa 2016 ita ma abar yarda ce. Ta 2007 zuwa 2011 kamfanin ya taɓa kiran ta gyara saboda tsatsa a shasin baya, don haka sai an leƙa wurin da kyau. Ta 2017 da 2018 mai injin 1.5 mai tarbo ta yi suna a wuraren sanyi da matsalar fetur yana gauraya da baƙin mai, da kuma jinkirin ɗumama ciki, abin da ba ka so a nan ke nan. Mazda CX-5 mutane suna tsallake ta, ni kuwa ina ganin kuskure ne, domin giyarta irin ta gargajiya ce mai jure wahala, farashinta kuma yakan yi ƙasa da na Toyota.

Subaru tana riƙe hanya fiye da yawancinsu, amma tana son mai kula. Tsohon injinta na 2.5 yana yawan zubar da mai ko ruwa ta tof-gasket, kuma bel ɗin taimin gare shi, wanda in ya tsinke inji ya tafi. Daga 2011 a Forester, 2013 a Outback, aka koma sabon inji mai sarƙa, shi kuma na shekarun farko wasu suna shan mai. Ka tambayi takardar gyara. Ka kuma tambayi kanka ko akwai bakaniken da ya san ta a garinku.

Nissan Rogue za ka gan ta da araha a ko'ina, dalili kuwa giyarta ta CVT ce, wato otomatik mai bel wadda ba ta da hawa-hawan giya, kuma ta yi ƙaurin suna, sauya ta kuma yakan ci kusan rabin kuɗin motar. Chevrolet Equinox mai injin 2.4 tana shan mai, kuma a tsananin sanyi hanyar numfashin injin takan daskare ta fashe robar bayan inji, mai ya tsiyaye gaba ɗaya a hanya. Araha ba ta ado.

Fikof kuwa, in ba kaya kake ɗauka ba, ban ba ka shawara ba. Tana shan mai, bayanta ba nauyi, shi ya sa take saurin juyawa a kan santsi sai an jera mata buhunan yashi a kan ƙafafun baya. Idan dole ne, F-150 mai injin 5.0 daga 2011 ta fi mai injin 5.4 na shekarun da suka gabata. Tacoma tana da inji mai rai, amma shasinta ya yi fama da tsatsa har kamfanin ya sauya wa da yawa, don haka ƙasanta za ka fara dubawa kafin fuskarta. Mai dizal ka bar wa manoma, suna da garejin da za su ajiye ta.

Mataki na 4: Tace talla ta waya

A shafukan intanet na Kijiji da Facebook Marketplace da AutoTrader ake samun yawancin motocin. Kafin ka ƙona mai ka tafi, ka yi tambayoyi huɗu. Da sunan wa motar take? Tana da takardar sefti, wato shaidar binciken lafiyar mota, da ba ta ƙare ba? A wane lardi ta yi rayuwarta? Za ka iya turo mini lambar VIN?

Lambar nan mai haruffa da lambobi 17 da ita za ka sayi rahoton CARFAX, ka ga haɗarin da aka rubuta, da yadda kilomita ta riƙa hawa shekara bayan shekara, da ko akwai bashin banki a kanta. Bashin yana bin mota ne, ba mai ita ba; in ka saya da shi, kai za a zo a ƙwace wa. Da lambar kuma za ka duba ko akwai kiran gyara na kamfani da ba a yi ba, wanda kyauta ake yi.

Motar da ta fito daga Ontario ko Kebek ta sha gishirin hanya fiye da ta Saskatchewan ko Alberta. Wadda aka shigo da ita daga Amurka mai yiwuwa mil take ƙirgawa, mil 100,000 kuwa ya haura kilomita 160,000. Idan mai talla ya ce motar ta ƙaninsa ce ko ta matarsa da ta yi tafiya, ko ka ga lambar wayarsa a tallar motoci da yawa, ka bar shi. Akwai masu sayen motocin haɗari a gwanjo su yi musu kwaskwarima su sayar kamar nasu ne na hawa.

Abu na ƙarshe da za ka faɗa a wayar: don Allah kada a tayar da ita kafin in iso.

Mataki na 5: Fara daga ƙasa

Ka je da rana, kada ka je da dare ko cikin ruwan sama. Kafin ka buɗe ƙofa, kafin ka ji ƙamshin kujeru, shimfiɗa kwalinka ka kwanta da tocila. A ƙasar nan inji ba shi ne yake kashe mota ba, tsatsa ce. Inji ana sauyawa, giya ana sauyawa, amma shasin da ya ruɓe babu bakaniken da zai sa hannu a kansa.

Tsatsa hawa uku ce. Akwai ta sama-sama, launin ƙasa-ƙasa a kan ƙarfe mai santsi. Kowace mota mai shekara goma tana da ita, ba abin damuwa ba ne. Akwai mai kumbura, wadda ƙarfe yake ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Wannan ta fara cin jiki, sai ka duba inda take da kuma zurfinta. Sai mai huda, ita kuwa sallama ce. Ka nemi izinin mai motar, ka riƙa buga shasin da gindin sukurdireba daga gaba zuwa baya. Lafiyayyen ƙarfe yana ƙara tsaf, ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe, wani lokaci gari ya zubo maka a fuska. Inda ka yi shakka ka danna da bakin sukurdireban. In ya shige, tashi ka karkaɗe jikinka ka yi godiya ka tafi.

Wuraren da take ɓuya su ne dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da bakin bodin da ya kewaye tayoyin baya, da inda ƙafafun baya suka haɗu da shasi, da ƙarfen da ya ɗauki inji, da ramin safaya a cikin but. Ɗaga kafet ɗin but ɗin ka gani da idonka. Ka bi siraran bututun man birki da na fetur da ke tafiya a ƙarƙashin motar. Idan sun kumbura ko sun jiƙe, suna gab da fashewa, kuma irin wannan bututun a lokacin da ka taka birki da ƙarfi yake fashewa.

Ka yi zargin baƙin fenti mai kauri da aka fesa kwanan nan a ƙasan tsohuwar mota. Mai kula da mota yana fesa mata man hana tsatsa, wanda yake da maiƙo kuma ana ganin ƙarfe ta cikinsa. Mai ɓoye laifi shi ne yake shafe komai da baƙi. Maganaɗisunka kuma ka bi da shi ƙasan ƙofofi da gefen tayoyi: inda ya ƙi kamawa an cike wurin da foti. Sai dai F-150 daga 2015 bodinta na alminiyom ne, maganaɗisu ba ya kama shi ko'ina.

Tun kana kwance, ka tabbata dogon shaf ɗin da ke kai ƙarfi zuwa ƙafafun baya yana nan. Akwai masu cire shi idan jan baya ya lalace, motar ta ci gaba da tafiya da ƙafafun gaba kamar ba abin da ya faru. Ka duba robobin shaf ko sun yage suna watsa giris, ka duba ko mai yana ɗiga daga giya ko daga dif ɗin baya.

Mataki na 6: Buɗe bonet, sannan ka tayar da ita da sanyinta

Taɓa injin da bayan hannu. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita, kuma abin da ka zo ji ya wuce ka. Zaro gejin mai ka goge a farin tsumma: ka ga ko ya kai layi. Buɗe murfin baƙin mai. Ɗan farin kumfa a cikin murfin kawai, a lokacin sanyi, sau da yawa raɓa ce ta motar da ake gajerun tafiye-tafiye da ita. Amma idan man da ke jikin gejin kansa ya koma kalar shayi da madara, ko ruwan lagireto ya ragu kuma akwai maiƙo a samansa, to ruwa da mai sun haɗu, ka bar ta.

Nemo wayar hitar inji. Yawanci tana leƙowa ta gaban mota kusa da lamba. Ita ake sokawa a wutar gida ko ta wurin aiki domin injin ya kwana da ɗumi. Motocin da aka sayar a wannan yankin galibi suna da ita, na gabas da na Amurka kuwa sau da yawa babu. Rashinta ba dalilin fasa ciniki ba ne, ana sa ta a gareji, amma ka sa kuɗin cikin lissafi. Duba kwanan watan batir; in ya kai shekara huɗu, ka ɗauka sabo za ka saya kafin Disamba.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Duk fitilun dashbod su kama, musamman ta inji da ta ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki) da ta jakar iska. Wadda ba ta kama ba, mai yiwuwa wani ne ya kashe ta. Tayar da motar ka saurara. Ƙarar kaca-kaca da ta wuce daƙiƙa biyu ko uku, ko shuɗin hayaƙi daga salansa, alama ce mara kyau. Farin tururi a sanyi ba komai. Soka na'urarka ka karanta. Ko ba ta nuna laifi ba, ka duba ko ta ce gwaje-gwajen injin ba su kammala ba. Hakan yana nufin an goge laifuffukan kwanan nan ko an cire batir.

Sai hita. Kunna ta har ƙarshe, ka gwada kowace hanyar iska, musamman mai busa gilashin gaba, da wayoyin da ke narkar da ƙanƙarar gilashin baya. Bayan minti goma na tafiya iskar ta yi zafin da za ka janye hannu. In ɗumi-ɗumi take, ko kana jin wani wari mai zaƙi, ko gilashi yana yin hazo mai maiƙo, ƙaramin lagireton hita ya lalace, kuma gyaransa yakan buƙaci a kwance dashbod gaba ɗaya. Gwada na'urar sanyaya ɗaki ma, ko da kana ganin ba ka bukatarta: ita take busar da iskar da ke share hazo daga gilashi.

Mataki na 7: Tuƙa ta a irin hanyar da za ka riƙa bi

Kashe rediyo. Zagayen unguwa bai isa ba, ka nemi minti talatin. Hau babbar hanya ka kai kilomita 100 a awa, ka ji ko sitiyari yana rawa, ko akwai gurnanin da ke ƙaruwa da gudu. Giya ta riƙa sauyawa ba fizga ba jinkiri. A mai CVT, ka lura da kuka mai tsini ko karkarwa lokacin tashi.

Sauka kan burji ko fili mai dusar ƙanƙara inda ba kowa. Tsaya cak, ka taka totur da ɗan ƙarfi, abokinka yana tsaye a gefe nesa yana kallon ƙafafun baya. Idan na gaba kaɗai suke watsa tsakuwa, jan bayan ba ya aiki. A mai 4H, sa shi ka ga fitilarsa ta daina ƙiftawa ta tsaya. Don 4L sai ka tsaya ka sa giya a N tukuna. Ka tabbata yana shiga yana kuma fita. Wanda aka shekara ba a taɓa ba yakan maƙale. A nan kuma ka taka birki da ƙarfi ka ji feda yana bugun ƙafarka, alamar ABS tana aiki. Daga ƙarshe, a kan kwalta, karya sitiyari har ƙarshe ka yi zagaye a hankali dama da hagu. Ƙas-ƙas daga gaba shaf ne, gurnani ko karkarwa daga baya dif ne. A CR-V sau da yawa sauya mansa yana magance shi.

Mataki na 8: Bakanike, ciniki da takardu

In ta tsallake duk wannan, kai ta garejin da kai ka zaɓa, a ɗaga ta sama a duba. Kada takardar sefti ta ruɗe ka. Ita tana tabbatar da cewa birki da fitilu da sitiyari da makamantansu sun cika mafi ƙarancin sharaɗi ne ranar da aka duba, ba ta cewa komai game da lafiyar inji ko giya. Amma ba a rajista sai da ita, kuma a Manitoba shekara ɗaya take yi. Wanda ya ce ka saya ka je ka yi seftin da kanka, ka ɗauka ya san abin da zai hana ta wucewa. Wanda ya ƙi a kai wa bakanike kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Da takardar bakaniken za ka yi ciniki, laifi bayan laifi da kuɗin gyaransa, cikin mutunci. Sunan da ke takardar mallaka ya zama shi ne na katin shaidar mai sayarwa. Lambar VIN ta takarda ta dace da ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba. Ku rubuta takardar ciniki ku sa hannu, ya cike maka takardar sauya mallaka. Ka biya da takardar banki, kada ka tura kafin alƙalami ga wanda ba ka gani ba. Daga nan sai ofishin wakilin Autopac, inda ake rajista da inshora a wuri guda, domin a wannan lardin hukumar MPI ce take riƙe da inshorar mota ta dole.

Mataki na 9: Tayoyi, kafin komai

Yanzu ragowar kuɗin nan ta yi amfani. Tayar da ake kira ta kowane yanayi robarta tana fara taurara da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Tayar hunturu ta gaskiya tana da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Haruffan M+S kaɗai ba su isa ba. Huɗu za ka sa, iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa ɗaya. Sa biyu kawai yana sa mota ta juya da kai a kwana, kuma a mai AWD bambancin girman taya yana cinye kayan jan a hankali. A karkara inda iska take goge hanya ta zama gilashi, ina fifita masu ƙusoshi. Doka ta yarda da su daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu.

MPI tana ba da rancen sayen tayoyin hunturu, amma da ruwa a kai. Wanda yake guje wa hakan ya nemi na hannu, ana samunsu da rim ɗinsu wurin waɗanda suka sayar da motarsu. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen tayar: 3521 na nufin mako na 35 na shekarar 2021. Wadda ta haura shekara shida ka bar ta ko da zanenta yana da kyau. Soka kwabonka cikin zanen, hancin barewar yana kallon ƙasa. Idan kana ganin ƙarshen hancin, tayar ta ci rabi ta wuce, ba za ta kai ka nesa ba. Ƙasa da milimita 4 ba ta da amfani a dusar ƙanƙara.

Sauran shirin ba shi da wuya. Sauya baƙin mai zuwa wanda ake kira synthetic, mai lambar da littafin motar ya faɗa. A auna ruwan lagireto a tabbata zai jure aƙalla 37 ƙasa da sifili. Kada ka taɓa ƙara masa ruwan famfo yadda muka saba a gida, zai daskare ya fasa inji. Ruwan wanke gilashi ya zama mai jure 40. Sayi doguwar wayar waje don hitar inji, awa uku ko huɗu kafin fita ya isa, in kuma haya kake ka nemi wurin ajiye mota mai soket. A but ka ajiye shebur, bargo mai kauri, safar hannu da hula, wayar tayar da batir, igiyar ja, buhun yashi, kyandir a gwangwani da ashana, da ɗan dabino ko gyaɗa. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. Duba Manitoba 511 kafin ka fita, in an rufe hanya kada ka bi.

Idan ka faɗa ramin gefen hanya cikin guguwa, zauna a cikin motar, kada ka taka da ƙafa neman gida. Share bakin salansa don kada hayaƙi ya dawo ciki, tayar da inji kamar minti goma a kowace awa, ka ɗan sassauta gilashi ɗaya.

Ranar da dusar ƙanƙara ta yi saukar farko, nemi fili babu motoci ka koyi motarka: tashi, taka birki, karya kwana a hankali, har ka san tazarar da take bukata kafin ta tsaya. Idan bazara ta shigo, kai ta wurin wanki mai fesa ruwa ta ƙasa a wanke gishirin, ka mayar da tayoyin bazara, na hunturun ka jera su a inuwa, ka rubuta a jikin kowace taya ƙafar da aka cire ta.